Jar Takardar da Ke Bayan Hoton Bing

Shekara ashirin da shida na yi ina haska ɗakunan fim da Yaya Lin ta shirya, kuma ban taɓa shiga ɗaya daga cikinsu ni kaɗai da son raina ba. Ku yi dariya in kun ga dama. Ni ne Ngau mai fitila. Ni nake rufe ƙofar situdiyo da tsakar rana in ƙirƙiro duhu, na san inda kowace inuwa ta fito tunda da hannuna na ajiye ta. Duk da haka matar nan tana iya tayar mini da tsigar jiki da kujera ɗaya tak.

Sunanta Kwong Yuk-lin. Ubanta yana da shago a Yau Ma Tei, inda ake haɗa gidaje da motoci da riguna na takarda, waɗanda muke ƙona wa matattunmu. Tana shekara bakwai ta iya lanƙwasa gora ta liƙa mata takarda. Kafin ta kai sha biyar ta san abin da ake ɗorawa a teburin mamaci da wanda ba a ɗorawa, fiye da yadda ta san karatun makaranta. Da uban ya mutu, yayyenta maza suka sayar da shagon ko shawara ba su yi da ita ba. Ta kwashi almakashinta da tukunyar gam ta nufi Sai Kung, don ta ji kamfanin fim ɗinmu yana neman wanda zai haɗa jana'izar ƙarya. Aikin kwana uku aka ɗauke ta. Ba ta bar wurin ba sai da kanta ya yi fari fat.

Gajeruwa ce, ga faɗan tsiya, kullum da sigari a bayan kunne wadda ban taɓa ganin ta kunna ba. A wasu kamfanonin in an ce fim na fatalwa za a yi, sai ka ga an zuba yanar gizo-gizo da jan fenti, an farfasa taga. Yaya Lin tsaki take ja.

"Wa ke tsoron ƙazanta?" in ji ta. "Ƙazanta ai gidan Ngau ke nan, kuma lafiya lau yake barci. Ka share ɗaki tas, ka jera kwano huɗu a gidan mutum uku, ka yi tafiyarka. Mai kallo zai ƙirga da kansa."

Haka take aikinta. Silifa biyu a gaban gado, bakinsu yana kallon gadon, kamar wani ya hau bai sauko ba. Kalandar da aka daina yagewa tun wata uku. Kofin shayi cike, a gaban kujerar da ba kowa. Ni kuma nawa shi ne in sa koriyar leda a bakin fitila, in harba hasken daga ƙasa, in bar kusurwa ɗaya ba haske ko ɗis. Akwai ranar da muka yi fim ɗin soyayya da safe a wani ɗaki, bayan cin rana muka yi na fatalwa a cikinsa. Abu uku ta canja, ni na canja leda biyu. Mutanen da suka kalli fina-finan biyu har yau ba su san bango ɗaya ba ne.

Faɗa kuwa kullum sai mun yi. "Ngau, ɗan banza, ka kashe mini labule! Kwana biyu ina jiƙa shi a ruwan shayi don ya tsufa, ka zo ka haske shi kamar na amarya!" In ce mata, "To Yaya, in bar shi a duhu mutane su shinshina?" Ta wurgo mini burushi. Da la'asar kuma ita ce za ta turo mini rabin shinkafarta, wai ta ƙoshi.

Mijinta Lui Bing a jirgin ruwa yake aiki, irin ƙananan nan masu jan manyan kwale-kwalen kaya daga tasha zuwa tsibirai. Ƙato ne, in ya yi dariya har a bakin titi ana ji. Ran Asabar yakan zo mata da gasasshiyar dinya, babbar agwagwar nan, a takarda, amma iyakarsa bakin ƙofa. Mutumin da ke shiga teku ruwa na tafasa, ba ya iya leƙa ɗakin da matarsa ta shirya. "Tsohuwa, fito ki karɓa," yake ƙwala mata kira, "ni ba ni da hulɗa da baƙinki." Ba su haihu ba. Shi ke nan nata, ita ke nan tasa.

Abin ya faru a watan bakwai, watan da ko yara sun san ba a wasa da matattu. Muna fim a kan wata mata da mijinta ya mutu ya ƙi barin gidan. Ana bukatar hotonsa a kan teburin mamaci, da baƙin ƙyalle da turaren tsinke da komai. Da safiyar ranar sai ɗan wasan da za a sa fuskarsa ya yi rigima da Darakta Szeto, ya kwashe hotunansa ya yi gaba. Szeto ya dinga ihu har muryarsa ta dushe. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai ba da nasa, kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai ɗora fuskarsa a teburin mamaci a watan bakwai?

A jakar Yaya Lin kuwa akwai hoton Bing, babba, da safen ta karɓo daga mai wanki don ta rataya a ɗakinsu. Ta buga waya tashar jirage don ta nemi izininsa, aka ce ya fita teku tun asuba. Ta tsaya tana juya hoton a hannunta.

"Zan liƙa masa ja," ta ce. "In ya dawo in ba shi jar ambulan ta kuɗin sa'a, ya yi ta mita ya gaji."

Ka'idarmu ke nan, kowa ya sani. Hoton mai rai ba ya hawa teburin mamaci sai da jar takarda a bayansa, don masu wucewa da ba ma gani su san wasa ne, mutumin nan yana da sauran kwana. A gabana ta yanko takardar, faɗin tafin hannu, ta shafa gam ta danna da babban yatsa sau uku. Sannan ta fita neman fararen furanni, don waɗanda aka kawo sun yi yaushi.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce a cire katakon bayan hoton in ɓoye ƙaramin ƙwan fitila a can, yadda fuskar za ta yi kamar daga cikinta hasken ke fitowa. Na kunna. Sai ga jan nan ya ratso takardar, kumatun Bing suka yi jawur.

"Wannan mamaci ne ko mahauci ne ya sha giya?" Szeto ya daka mini tsawa. "Ngau, minti biyar na ba ka. Ka gyara, kuma kada ka gaya mini yadda ka yi." Ya juya baya ya shiga kunna sigari, sarai ya san abin da yake nufi.

Na rage hasken, jan yana nan. Na ƙara shuɗiyar leda, fuskar ta koma kalar hanta. Na duba ƙofa, Yaya Lin ba ta dawo ba. Na ce a raina ɗauka ɗaya ce, minti uku, in mayar. Na zagaya bayan teburin na sa farce. Gam ɗin bai ma gama bushewa ba. Na ninke takardar na jefa a aljihun gaban rigata.

Da na sake kunnawa, situdiyon ya yi tsit. Fuskar Bing ta fito fari sol, mai sanyi, murmushin nan nasa na dinya ya koma wani abu dabam. Mai kyamara ya ja numfashi. 'Yar wasan da za ta durƙusa ta yi kukan ƙarya, da ta ɗaga ido ta gan shi sai ta fashe da na gaske, har kafaɗunta na rawa. Ɗauka ɗaya aka yi. A duk rayuwata ban haska abin da ya kai wannan kyau ba, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Szeto bai gama cewa a tsaya ba mai gadi ya banko ƙofa. Alamar gargaɗin guguwa da ke lamba uku tun safe an ɗaga ta zuwa takwas, lambar da ke sa a rufe gari, motar ƙarshe za ta tashi, hanyar dutse za a rufe. Kowa ya rarumi abin da ya samu. Na sauke babban layin wuta, na naɗe wayoyi, na ruga cikin ruwa kamar kowa. Sai da mota ta kai Choi Hung wata tsohuwa da ke kusa da ni ta nuna ƙirjina ta ce, "Ɗana, ciwo ka ji?" Na duba. Takardar ta jiƙe, jan ya zuba a farar rigata daidai saitin zuciya. Nan take tsoro ya kama ni, ban mayar da ita bayan hoton ba.

Washegari da safe rediyo ya fara karanto jiragen da ba su dawo ba. Na uku shi ne na su Bing, mutum bakwai a ciki.

Ban san yadda zan gaya muku tsoron nan ba. Matata ta ajiye mini kunun shinkafa, na kasa ɗaga cokali. Duk wayar da ta yi ƙara a shagon ƙasa sai gabana ya faɗi. Ina gaya wa kaina iska ce, iska ba ta san takarda ba, jirage nawa ta kifar waɗanda ba su taɓa jin sunana ba. Sai in tuna hoton yana can a tsaye, turare a gabansa, shinkafa da tsinkayen cin abinci biyu a soke a tsakiyarta, bayansa tsirara, a watan bakwai. Duk minti ɗaya da ya ƙara a wurin, ji nake kamar ni nake danna kan Bing cikin ruwa. Ga kunya. Na kasa zuwa gidan Yaya Lin, na kasa buga mata waya.

Kwana na biyu aka buɗe hanya. Na sayi jar takarda a bakin kasuwa na hau motar farko da na samu, na isa wajen sha biyun rana. Mai gadi ya ce ba wuta, turakun sun faɗi, ya miƙo mini tocila ya koma ɗakinsa. Ni da nake da fitila ɗari, yau ga ni da tocila mai rabin batir.

Na tura ƙaramar ƙofa na shiga, ta rufe a bayana. Rana na ƙwallewa a waje, ciki kuwa ko tafin hannuna ba na gani. Warin turaren shekaranjiya yana nan. Wani wuri rufi na ɗiga, ɗis, ɗis. Na san komai na ɗakin nan katako ne da fenti, da idona na ga ana buga ƙusoshinsa. Amma da tocilar ta sauka kan kwanuka huɗun nan, ta wuce kan silifan da ke kallon gado, sai na tsaya cak. Na ɗaga hasken a hankali zuwa teburin. Furanni na nan, shinkafa na nan. Hoton ba ya nan.

Sai na ji ƙara daga bayan bangon. Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras.

Na rantse da kabarin ubana, saura ƙiris in yi ihu. Tocilar ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Na tsaya a duhu ina jin haƙorana na haɗuwa, ina cewa shi ke nan, ya zo tambayata.

"Ɗauki tocilarka, Ngau," aka ce. "Ka haska mini nan, kyandir ɗina ya ƙare."

Yaya Lin ce. Na laluba na ɗauko, na zagaya. Tana zaune a ƙasa a kan buhu, hoton a kife a cinyarta, almakashi a hannu, jajayen takardu zube kewaye da ita. Da ƙafa ta tako hanyar dutsen tun kafin motoci su fara. Idanunta sun kumbura don rashin barci, sigarin ma babu a kunnen.

Na zube a gabanta. "Yaya, ni ne. Ni na ɓare. Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

"Na sani."

"Szeto ne ya..."

"Rufe mini baki da Szeto. Na ce na sani." Ta ci gaba da yanka, ba ta dube ni ba. "Ina bakin ƙofa da furanni a hannu lokacin da kyamara ta fara. Kallo ɗaya na yi wa fuskar na gane. Wa zai gaya mini yadda takarda take in haske ya ratsa ta? Na buɗe baki zan ce a tsaya." Almakashin ya tsaya. "Sai na ga yadda ya yi kyau, Ngau. Shekara ashirin ina neman ɗaki ya yi haka. Na ce bari su gama, minti uku ne. Mijina ne a kan teburin nan, na tsaya ina kallo ina jin daɗi. Da aka ce lamba takwas kuma na jefar da furannin na ruga tasha nemansa, ban ko waiwayi hoton ba."

Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ranar ma ba ta yi ba. Ta jawo tukunyar gam. Na riƙe mata tocila ta rufe bayan hoton gaba ɗaya da ja, kusurwa zuwa kusurwa, ta danne da tafin hannu.

"Tashi," ta ce. "Ka buɗe manyan ƙofofin. Ɗakin nan na masu rai za mu mayar da shi."

Ƙofofin da ake shigo da motoci ne, mutum huɗu ke tura su. Ni kaɗai na tura, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Rana ta kwararo ciki. Yaya Lin ta zare tsinkayen daga shinkafa ta kwantar da su a gefe, ta ɗauke kwano na huɗu, ta juya silifan suka kalli ƙofa. Ta yage kalandar har zuwa ranar da muke ciki. Ta kwance baƙin ƙyallen, ta watsar da fararen furanni waje, ta rataya hoton a bango saman gado inda ake rataya na maigida. Ni na jawo allon azurfa na karkato hasken rana ya sauka a fuskarsa, mai ɗumi, daga gefe. Cikin rabin awa ɗakin ya zama na mutumin da ya fita aiki ana jiran ya dawo cin abinci. Muka zauna a bakin gadon ƙarya muna kallonsa har la'asar.

Sai rana ta uku da hantsi labari ya zo. Masunta sun tsinci mutum uku a kusa da Macau, manne da murfin rumbun jirgi. Bing yana ciki, haƙarƙari biyu a karye, kunnen hagu ya mutu har abada. Huɗu ba a gan su ba. Na sha gaya wa kaina cewa waɗannan huɗun ba wanda ya ɗora hotonsu a ko'ina. Maganar gaskiya ce, amma ba ta taɓa sa na yi barci mai daɗi ba.

Da aka koma aiki Szeto ya ce a maido hoton a ƙara ɗauka biyu. Yaya Lin ta ɗora almakashinta a kan teburinsa, ta tsaya tana kallonsa, bai sake tayar da zancen ba. Fim ya fito, wurin nan na minti uku ya sa mata suna rufe ido a silima. Bing bai kalla ba, shi da ba ya ko leƙa ƙofa. An ba shi jar ambulan ɗinsa, ya yi mitar da aka san zai yi, ya sayi dinya. Sauran labarin ba wanda ya gaya masa.

Daga ranar Yaya Lin ba ta sake ɗora fuskar mai rai a teburin mamaci ba. Sai ta yanko idon wannan da hancin wancan ta haɗa mutumin da ba a taɓa haifa ba, ta kai a wanke. Hoton Bing kuwa ta kai shi gida. Duk sabuwar shekara sai ta sauko da shi ta ƙara masa jar takarda a kan ta bara. Mun ci gaba da faɗanmu a kan labule har kamfanin ya rufe, amma ko sau ɗaya ba mu ambaci ranar nan ba.

Shekara ashirin da bakwai Bing ya ƙara a duniya. A kan gadonsa ya mutu, bayan ya sha shayin safe. Kwana biyu bayan haka waya ta yi ƙara, na ji muryarta. "Ngau, ka zo Hung Hom gidan jana'iza, ƙarfe goma. Ka yanke farcenka? To kada ka yanke."

Na same ta a ɗakin da aka ba su, ta tsufa ta ƙanƙance cikin fararen kayan makoki. Ita ta shirya teburin da kanta, ta kori ma'aikatan wurin. Komai ya hau, saura abu ɗaya. Ta ciro hoton daga jaka ta miƙo mini a kife. Bayansa ya yi kauri kamar kwali, ja a kan ja. Ba a shiga da ja wurin mamaci na gaske.

"Na gwada da safe," ta ce. "Hannuna ya ƙi. Kai ka saba."

Tsoron nan na cikin mota ya dawo mini sabo. Na zauna na sa farce. Ɗaya bayan ɗaya suke ɓarewa, na sama ja ƙal, na ƙasa sun koɗe. Tana karɓa tana ninkewa a cinyarta. Da na iso ta ƙarshe, wadda na riƙe mata tocila ta liƙa, sai ta damƙe wuyan hannuna.

"A hankali, ɗan banza," ta ce.

Na ɓare a hankali. Ta karɓi hoton ta ɗaura masa baƙin ƙyalle ta tsayar da shi a tsakiyar furanni, ta ja da baya taku uku kamar yadda take yi a situdiyo. Hasken doguwar fitilar rufin ɗakin ya sauko masa fari sol. Ta ɗaga kai ta dubi fitilar.

"Kada ka bar mini shi a farin nan, Ngau."

Shekarata sittin da biyu, gwiwa ta riga ta lalace. Na fita neman tsani.